Rami a Dardumar Kaka Malam

Ranar jajiberin Maulidi da hantsi aka fito da dardumar Kaka Malam tsakar gidan Limamai a Zongon Sokode, aka warware ta kan tabarma kamar yadda aka saba kowace shekara, sai ga rami a jikinta. Ba cin ɓera ba ne, ba kuma na asu ba. Yankan reza ne, faɗin tafin hannun babban mutum, har ana hango saƙar tabarma ta ciki.

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta rafka salati. Masu daka suka saki taɓare a turmi. Kafin ka ce me, gida ya cika ya batse, har da waɗanda ba su taɓa taka zauren ba.

Dole a yi salati, don wannan ba dardumar kasuwa ba ce. Saƙar hannu ce ta gashin tumaki, ja mai duhu kamar jan goro. Kaka Malam, wanda ya kafa gidan, shi ya taho da ita daga Makka a ƙafa, tafiyar shekara bakwai. Sau ɗaya a shekara ake shimfiɗa ta, limamin gidan ya yi raka'a biyu a kai, a naɗe ta a mayar cikin adaka a ɗakin marigayin. Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya yana hannun Liman Sharifuddeen, ɗaya yana hannun Gwamma, matar ƙanensa da ya rasu, wadda ke share ɗakin.

Malam Zainulabideen, na'ibin Liman kuma ɗan baffansa, shi ya ce a kira Abdulbaƙi Mai Sawu.

Abdulbaƙi ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun mahauta da aka sace. Ya taɓa bin saniya ɗaya daga Sokode har Kambolé, kwana huɗu, ya dawo da ita da ɓarawon. Abokin Liman ne tun suna makarantar allo, tare aka yi musu bulala, tare suka yi sauka. Ya zo yana taunar goro, ya ce kowa ya tsaya inda yake.

Ƙasan ɗakin daɓe ne da rairayi shimfiɗe a kai, yadda Kaka Malam ya bar shi. Abdulbaƙi ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe. Ga sawun Liman da na na'ibi na wannan safiyar, sa'ad da suka shiga ɗauko dardumar. A ƙarƙashinsu ga layin tsintsiya, an yi sharar da baya da baya, daga adaka zuwa ƙofa. Ga sawun silifa ƙarama, dunduniyar hagu ta cinye. Can lungun taga kuma, inda tsintsiya ba ta kai ba, akwai wani tsohon sawu na namiji, ƙafar dama tana ja. Ya gan shi sarai, ya kuma san mai shi. Ya ce a ransa, mai gida a ɗakin kakansa ai ba abin magana ba ne, ya ɗauke ido.

Da ya fito, mutane sun zuba masa ido, shi kuwa, Allah ya yafe masa, mutum ne mai son a zuba masa ido. Ya tsaya gefen turmi ya gyara murya.

"Sawun da ya kai ga adaka na mace ne," in ji shi. "Kuma an bi da tsintsiya, irin sharar mai ɓoye abu."

Bai ambaci suna ba. Ba a ma buƙata ba. Gwamma 'yar ƙabilar Moba ce daga Korbongou, can wajen Dapaong. Shekara talatin da ɗaya da musuluntarta, uwar mijinta ce ta sa mata wannan suna, amma a ranar sai ka ce jiya ta sauka daga mota. Nan take bakin mata ya buɗe. Wata ta ce dama wata bakwai ke nan kullum tana ɗakin nan, alhali da ran Alhamis kawai take shara. Wata ta ce ai danginta har gobe suna yanka wa duwatsu kaji, asiri za a haɗa da guntun.

Zainulabideen ya ce a kai magana komisariya, wurin 'yan sanda. Liman ya ce gidan nan bai taɓa kai kansa komisariya ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Gwamma ta tsaya da tsintsiya a hannu tana duban Liman, ta daɗe tana dubansa, shi kuma yana duban tasbaharsa. Washegari, ana cikin hidimar Maulidi, ta ɗauki jaka ɗaya ta nufi tasha. Wata ta tofar da yawu a bayanta.

Kwana uku abinci bai shiga cikin Abdulbaƙi da daɗi ba. Matarsa Safiyatu ta ajiye masa koko da ƙosai, ta dawo ta tarar ƙuda ne ke ci.

"Malam, wai ka tambaye ta?"

"Wa?"

"Haba, kar ka mayar da ni yarinya. Ɓarawon saniya ma sai ka zaunar da shi ka ba shi ruwa ka tambaye shi. Gwamma fa? Matar da ta yi min wankan jegon 'ya'yana uku?"

"Ban tambaye ta ba."

"To Allah ya kyauta," in ji ta, ta ɗauke kwanon da ƙarfi.

Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ƙi haɗa ido da matarsa. Ya sa hula ya fita, ba wanda ya aike shi.

Ya fara da Fayçal, babban ɗan Liman, mai shagon waya a bakin kasuwa, don an daɗe ana raɗe-raɗin ya ɗauki hoton dardumar ya aika wa wani dillali a Lome. Fayçal bai musa ba.

"Na aika, Baba. Mutumin ya ce zai biya miliyan biyu in babu aibi a jikinta. Na gaya wa Baba Liman, ya kusa tsine min, na bar maganar. To ka duba, in da ni ne, ai gaba ɗaya zan naɗe ta in saɓa. Me zan yi da guntu? Yanzu ko rabin kuɗin ba wanda zai ba da."

Maganar yaron ta zauna. Abdulbaƙi ya wuce wurin Zainulabideen, wanda kowa a Zongo ya san shekara goma yana haɗiyar yawu a kan limanci. Ya same shi yana yi wa ɗalibai biya.

"Ni kake zargi?" in ji na'ibi. "Ni da na sa aka kira ka? Ba ni da makulli, ban taɓa shiga ɗakin ni kaɗai ba. In son limanci ne, ina so, ban ɓoye wa kowa ba. Amma ai ba sai na yi yanka ba, yana zuwa da ƙafarsa. Yaya Liman ya bar min Azahar, ya bar min La'asar, wai karatu ya yi masa yawa. Waɗanda yake ja ɗin ma, daga Ƙulhuwallahu sai Inna a'aɗaina. In ya yi sujada kuwa, sai ka gama tasbihi goma bai ɗago ba. Mutane suna cewa tsoron Allah ne ya ƙaru."

Abdulbaƙi ya ji wannan magana ta taɓa wani abu a cikinsa, ya yi maza ya danne. Ya yi sallama ya tafi.

Dattawan gida suka yanke shawara a gyara dardumar. Fayçal ya ce dillalin nan ya taɓa gaya masa duk arewacin Togo mutum ɗaya ce ta iya wannan aiki, wata Hajiya Bara'atu a Dapaong. Liman ya ce a bar ta haka, ƙaddara ce. Aka rinjaye shi. Abdulbaƙi ya ce shi zai kai, kuma bai gaya wa kowa cewa Korbongou yake hange ba. Ya rungume dardumar a cinya tun daga Sokode, ta Kara, ta Mango, bai yarda an ɗora ta saman mota ba, ko da direba ya caje shi kuɗin mutum biyu.

Hajiya Bara'atu tsohuwa ce 'yar firit, da tabarau ɗaure da zare, da baki kamar barkono. Ta yi shekara ashirin a Jidda tana aiki a shagon wani mutumin Afganistan mai gyaran dardumai, a can ta koyo. Barandarta cike take da curin gashi kala-kala rataye a igiya. Ko fuskar dardumar ba ta duba ba, ta kife ta, ta bi bayanta da tsinin allura.

"Wane mara imani ne ya yi wannan?"

"Shi nake nema, Hajiya."

"In ka same shi ka kawo min kunnensa. Ka san shekarun abin nan kuwa? Ta girmi ubana." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Kar ka zaci faci zan maka kamar gindin wando. Sai na mayar da zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya, in sarƙe kowanne cikin tsohon. Sannan na kwance. Sannan in zauna ɗaurin ƙulli, kuma a ramin nan kaɗai ƙulli ya haura dubu uku. Ga rini. Wannan jan da saiwa aka rina shi, ya sha shekara ɗari yana dushewa. Sai na rina gashi kala huɗu, in riƙa shanyawa a rana har ya tsufa ya yi daidai da ɗan'uwansa. Wata huɗu. Sefa dubu ɗari biyu da tamanin."

"Kai! Hajiya, kuɗin sa ne fa guda!"

"To kai wa sa ya ɗinke maka. Idona nake sayarwa, Malam, kuma saura kaɗan ya ƙare." Ta ja tsaki. "Abin da ya fi ba ni haushi, ramin farko bai kai haka ba. Zo ka gani."

Ta nuna masa bakin yankan ta baya. A gefe ɗaya, inda rezar ta bi kurkusa, zaren ya yi ja-ja, ba jan rini ba.

"Tsatsa ce. Ƙarfe ne ya fara huda ta, ɗan ƙarami, bai wuce ƙwandalar dala ashirin ba. Da haka aka kawo min, dubu talatin ne, kwana goma na gama. Sai mai shi ya sa reza ya yanke kewaye don kada a gane abin da ya huda. Ɓoyon ne ya yi tsada."

Abdulbaƙi ya yi shekara talatin yana karanta ƙasa, kuma sai yanzu ya tuna ran nan ƙasa kawai ya karanta, dardumar ko taɓa ta bai yi ba. Ya roƙi Hajiya su fitar da ita fili. Rana ta yi sanyi, haskenta yana zuwa a kaikaice. Hajiya ta shafe gashin da tafin hannu ya kwanta gefe ɗaya. Shi kuma ya kwanta ya kafa kumatu a ƙasa, kamar yadda yake yi in sawun saniya ya hau tsandauri.

Sai ga su. Gurbi uku, ƙanana, zagayayyu, inda gashin ya danne ya ƙi tashi. Ya tsinko kara ya auna daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, tsawo ɗaya. Ya auna daga na uku, karan ya faɗa tsakiyar ramin. Gaba kaɗan kuma ga wurin da tafin ƙafa biyu suka saba zama, na hagu a kusa, na dama can gaba, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

"Kujera," in ji Hajiya Bara'atu a hankali. "Wani yana salla a zaune a kanta. Ya daɗe yana yi."

Abdulbaƙi bai tashi ba. Ya tuna wata tsohuwar kujerar ƙarfe irin ta makarantar boko da ta daɗe a zauren Liman, ƙafarta ɗaya ba roba, wadda rabonsa da ganinta tun kafin azumi. Ya tuna sawun lungun taga. Wallahi da ƙasar Dapaong za ta tsage a lokacin, da ya shige ya huta.

"Hajiya, kar ki wanke ta tukuna. Ba ni aronta kwana uku."

Da safe ya hau babur zuwa Korbongou. Ya tarar da Gwamma gindin ɗorawa a ƙofar gidan wanta, tana ɓarar gyaɗa. Kusa da ita ga buta, ga buhun taki a ninke, a kansa take salla. Ta rame. Ta amsa sallamarsa, ta tura masa kujerar tsuguno da ƙafa, ba ta daina ɓara ba.

"Gwamma, gafara na zo nema."

"Tun ba ka gama aikinka ba, Mai Sawu?"

"Na gama. Na ga kujera."

Hannunta ya tsaya. Ta waiga hagu da dama, ko da yake ba mai jin Hausa a kusa.

"To ka rufe bakinka," in ji ta. Hausarta har yau ba ta raba mace da namiji. "Ni na kai masa kujeran. Wani rana na shiga shara na same shi a ƙasa, ya yi sujada ya kasa tashi, yana kuka kamar yaro. Gwiwa ya cinye. Ya ce a masallaci zai cije ya daure, amma nafila ya gagare shi, yana so ya yi a kan darduman kakansa ko Allah zai dube shi. Ya ce in mutane suka sani za su karɓe limanci. Ƙafan kujera yana barin layi a rairayi, shi ya sa kullum nake sharewa."

"Kin san shi ya yanka?"

"Sai ran nan, tare da ku na gani."

"Me ya hana ki magana?"

"Ranar da mijina ya mutu, dangi suka ce a raba ni da 'ya'yana a mayar da ni nan. Yaya Liman ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a bi ta kansa. Shekara goma sha takwas ina cin tuwonsa." Ta share ido da bakin zane. "Na dube shi, na ce zai yi magana. Ya dubi tasbaha. Ya yi min zafi, Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu yana min zafi."

"In na faɗa, ya rasa limanci. In ban faɗa ba fa?"

"Sai in mutu a nan. Dangina ba su ƙi ni ba, suna ba ni abinci. Amma ba mai salla ko ɗaya a gidan nan. Abin da ke hana ni barci ke nan, wa zai wanke ni, wa zai sallace ni."

"To me kike so in yi?"

Ta ɗago ta dube shi a karo na farko.

"Ran nan ka buɗe bakinka ba ka tambaye ni ba. Yau ma kar ka tambaye ni."

Ya koma Sokode da darduma a cinya, ya aika a tara mutanen gida bayan La'asar. Suka hallara a zaure, Liman a kan buzunsa, Zainulabideen, Fayçal, da dattawa biyar. Liman ya dubi dardumar, ya dubi fuskar abokinsa, ya gane.

"Bismillah, Mai Sawu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mu nan mun isa. Maganar maza ce."

Abdulbaƙi ya ji tausayinsa har cikin ƙashi. Da ya so, a nan za a binne maganar, a ce an gano ba Gwamma ba ce, a yi addu'a a watse. Matan cikin gida kuwa su ci gaba da cewa an dai rufa mata asiri ne.

"A tsakar gida na yi magana ran nan," in ji shi. "A can zan ƙarasa ta."

Ya saɓa dardumar ya shige ciki, dole suka bi shi. Mata suka fito daga madafa da ɗakuna. Ya tsaya gefen turmin nan, daidai inda ya tsaya ran jajibere, ya shimfiɗa ta inda hasken yamma ke zuwa a kaikaice.

"Mai laifi na farko ni ne," in ji shi. "Na ga sawu biyu a ɗakin nan, na faɗi ɗaya na haɗiye ɗaya, saboda mai ɗayan abokina ne, mai ɗayan kuma ba ta da kowa. Ban tambaye ta ba. Kun kore ta da bakina. Fayçal, an zarge ka, ba kai ba ne. Malam Zainulabideen, ni da kaina na zarge ka, ka yafe ni. Yanzu ku matso ku duba."

Ya nuna musu gurbi ukun ɗaya bayan ɗaya, har tsohuwar da ta fara salati ta tsuguna ta taɓa da yatsa. Sannan ya juya ga Fayçal.

"Shiga turakar mahaifinka. Akwai kujerar ƙarfe. Kawo min."

"Baƙi," in ji Liman. Sunan da yake kiransa da shi suna yara ne, rabon da a ji shi a bakinsa an fi shekara arba'in.

"Ka yafe ni, Sharu."

Fayçal ya fito da kujerar yana rarraba ido. Abdulbaƙi ya karɓa ya ɗora. Ƙafa uku masu roba suka zauna daram cikin gurbi uku. Ta huɗun, ƙarfe tsirara mai tsatsa, ta faɗa tsakiyar ramin ta taɓa tabarma.

Kowa ya juya ya dubi Liman.

Liman ya dafa bango. A gaban kowa, ba tare da ya cije ya ɓoye ba, ya jawo ƙafarsa ta dama zuwa tsakiyar fili.

"Ni ne," in ji shi. "Likita a Kara ya ce gwiwar nan ta gama aiki, in daina durƙusa mata. Na ɓoye. Wata bakwai ina salla a kujerar nan, Gwamma tana share bayana. Da ƙarfen ya huda, na ce duk wanda ya ga ramin zai gane kujera ce, sai na sa reza. Na zaci za a ce wani ɓarawo ne daga waje, a yi Allah ya isa a manta. Da aka juya kanta, ta dube ni. Na ga tana dubana." Ya sunkuyar da kai. "Na zaɓi limanci na bar matar ƙanena. Ku shaida, ba ta taɓa komai ba sai tsintsiya."

Matar da ta tofar da yawu ran nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya motsa har ladan ya kira Magariba.

A masallaci mutane suka daidaita sahu suna jiran Liman ya wuce gaba. Sai ga shi ya shigo yana jan kujerar da hannunsa, ƙafar ƙarfen tana ƙara a siminti. Ya ce, "Zainu, shiga." Zainulabideen, da ya shekara goma yana jiran wannan rana, ya tsaya kamar an dasa shi, sai da aka tura shi. Sannan ya ta da kabbara. Liman ya ajiye kujerarsa a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Abdulbaƙi ya tsaya gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame, tsohon abokinsa bai miƙo masa hannu ba, shi ma bai ga laifinsa ba.

Washegari Fayçal ya ɗauki mahaifinsa a mota har Korbongou. Abin da aka faɗa a gindin ɗorawar nan ba wanda ya ji, amma da suka dawo Gwamma tana kujerar baya. Bijimin da Sharifuddeen ke kiwo don layya shi aka sayar, aka kai wa Hajiya Bara'atu kuɗin tare da dardumar.

Bayan wata huɗu Abdulbaƙi ya je ya karɓo dardumar. Ya kwanta ya kafa kumatu a ƙasa, ya duba ta kowane gefe, bai ga inda ramin yake ba. Sai da Hajiya ta kife ta ya ga sabon zaren, fari-fari cikin tsohon. Ta ce ta baya kam ba ta da dabara, haka zai zauna.

Ya kawo ta gidan Limamai da hantsi. Gwamma ce ta buɗe ɗakin Kaka Malam da makullinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a adaka, ta rufe.

"Gwamma, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ya gajiyar tafiya ta kwanaki?"

"Ba gajiya."

Ya tsaya yana jiran ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ya yi sallama ya juya, ya bi ta gefen turmi zai fita. Bai kai zaure ba ya ji ƙarar tsintsiya a bayansa. Ya waiga. Gwamma ce a duƙe, tana bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙofar ɗakin, tana sharewa, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya tsaya har ta share na ƙarshe, wanda ke dab da dunduniyarsa. Sannan ya ɗaga ƙafa ya ba ta wuri.